Wushiryar Yaya

A gidanmu ba a haihuwar mace da wushirya, sai ta manyanta take samun tata. Haka muka taso muka tarar, kuma da alfahari muke faɗa. Kakarmu ta wajen uwa ta samu tata bayan haihuwa ta biyar. Innarmu ta samu tata tana da shekara talatin da 'yan kai. Haƙoran sama biyu na gaba su ɗan ja jiki da juna, 'yar ƙofa ta buɗe a tsakani, su kuma ƙara tsawo, mace ta yi murmushi a ce lallai jinin gidan nan da kyau yake. Ba wanda ya taɓa zama ya haɗa wannan da ɗaya abin da kowa ya sani, wato matan gidanmu ba sa cika hamsin da biyar da haƙoran gaba a bakinsu. Shi wannan an ba shi nasa dalilin daban. Haihuwa ce, in ji Inna, kowane ɗa da haƙorinsa yake tafiya. Tana faɗa tana mamular burodin da ta jiƙa a shayi da gefen baki.

Ni ce auta, kuma Auta kowa ke ce min har yau da na haura talatin. Ina shekara tara Inna ta rasu. Yayata, wadda ta ba ni shekara goma sha bakwai, ita ta kama hannuna ranar da aka watse daga zaman makoki ta tafi da ni gidan mijinta, ba ta tsaya shawara da kowa ba. A wajenta na girma, tare da 'ya'yanta. Don haka idan na ce Yaya, uwa nake nufi, sai dai uwar da ake iya yi wa tsiwa.

Tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da katifa. Keken ɗinki biyu, teburin yanka wanda almakashi ya ci gefensa, dutsen guga, benci guda na masu jira, da igiya daga bango zuwa bango an rataye kayan da aka gama. Ƙasa kullum cike da ƙyallaye, ko an share da safe kafin azahar sun dawo. A kalmasa da sa aljihu ba ta da na biyu a layin, amma ni na san rabin matan da ke cika bencin nan ba ɗinki kaɗai ke kawo su ba. Dariyar Yaya suke zuwa sha. Takan jefa kai baya ta buɗe baki gaba ɗaya, har mai katifa ya leƙo ya ce a rage masa ko kaɗan. Kuma ba ta san almakashi ba wajen yanke zare. Ta gama layi, ta ɗago rigar, ta sa haƙori, ƙat, ta wuce na gaba.

Ita ce kuma likitar gidan. Wanda ya ƙone, wanda ya yi targaɗe, wanda kunama ta harba, duk wajenta ake yi. Ba na mance wata safiya ina shekara goma, ina goge baki a bakin rariya, na tofar na ga kumfar ta yi ja. Na ruga da kuka. Ta ɗaga min leɓe da yatsa ta duba, ta ce, "Dasashinki ne ya ɗan yi fushi. Ki bar gefen nan ya huta, kada buroshi ya ƙara taɓa shi sai ya warke. Ke kin taɓa ganin inda ake goge ciwo?" Maganar ta shiga hankali. Haka Inna ta koya mata, haka ta koya min, haka ta koya wa 'ya'yanta huɗu. Duk inda ya yi jini a bakinmu, nan ne wurin da muke kewayewa da buroshi, kuma da ƙauna aka ɗora mu a kan haka.

Tana da shekara talatin da shida tata wushiryar ta fara buɗewa. Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi sati uku bai kwana gida ba. Ya dawo daga wata doguwar tafiya, tana zuba masa ruwa ta yi dariya, ya tsaya da kofi a hannu ya ce, "Ashe amarya aka yi min ina hanya ban sani ba." Ta ce ya sha ruwansa ya bar ta da zolaya. Amma da ƙannen Inna suka zo suka gan ta, babbar cikinsu ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka, ta ce, "Innarku ce ta dawo, wallahi ita ce sak." Ranar na shiga ɗaki na tarar da Yaya a gaban madubi tana murmushi ita kaɗai, hawaye na bin kumatunta. Ba mu da hoton Inna ko ɗaya. Yaya ta je aka ɗauke ta hoto tana dariya, ta sa a gilashi ta rataye a shago saman keken ɗinki.

Shekaru suka tafi. Na yi aure, auren bai yi tsawon rai ba, na dawo na kama ɗaki ni kaɗai. Wata maƙwabciya ta samo min aikin shara da wanke-wanke a wani ƙaramin asibitin haƙori. Ɗaki biyu ne da falon jira, sai wani lungu a baya mai famfo inda nake wanke farantan ƙarfe in jera su a tukunyar da ke dafa kayan aiki. Likitar mace ce, gajeriya, ba ta da yawan fara'a amma tana da yawan bayani. Ni kuma Allah ya yi ni da kunne. Ina goge ƙasa ina ji, sau ashirin a rana, magana ɗaya take nanatawa har na haddace.

Takan ce dasashi mai lafiya ba ya jini, ko na yaro ko na tsoho. In ya yi jini, datti ne ya kwanta a gindin haƙori, kuma maganinsa a goge wurin, a hankali, da buroshi mai laushi, safe da dare, a kuma bi tsakanin haƙora da zaren sakace. In an yi haka, cikin sati ɗaya ko biyu jinin kan tsaya. In an bar shi, dattin ya daskare ya zama kamar dutse, buroshi ba ya iya fitar da shi sai an kankare a asibiti. Daga nan ciwon ya gangara ƙasa ya fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin, a ɓoye, ba zafi, shekara da shekaru. "Ƙashin da ya tafi kuma ba ya dawowa," in ji ta, "iyakarmu mu tsayar da shi inda ya kai." Ranar da na fara jin a goge inda ke jini, dariya ta kusa kuɓuce min, na ce a raina wannan ko da takardarta Yaya ta fi ta sani. Da Likita ta duba nawa bakin ta kankare min abin da ta kankare, na bi maganarta don kada a kore ni, kwana goma na tofar na ga fari tas. Tun ina yarinya ban taɓa ganin haka ba.

Wata biyar da fara aikina aka kawo wata mata mai sayar da yadi, ta sha ado, da wushiryarta mai faɗi. Wani haƙori ne na can ciki ke damunta. Likita ta duba, ta ɗauki hoton ƙashi ta ɗaga a fitila, ta ce, "Wannan ƙofar ta gaba, da ita aka haife ki?" Matar ta ce a'a, da girmanta Allah ya ba ta. Likita ta ce, "To ba wushirya ba ce. Wushirya ta gaskiya tun ƙuruciya take, kuma ba ta ƙara faɗi. Wannan haƙoran ne ke barin mazauninsu don abin da ke riƙe da su ya zaizaye. Kin ga kamar sun ƙara tsawo? Ba su ƙara ba, dasashin ne ya janye." Ta kuma tambaye ta ko akwai masu irin haka a danginsu, don ciwon yana bin gida.

Ina bakin ƙofa da bokiti. Na ajiye shi na koma lungu na buɗe famfo don kada a ji ni. Kakata, Innata, Yayata. Duk abin da muke yi wa kirari a gidanmu, ashe ciwo muke yi wa.

Daga ranar na fara kallon Yaya da wani ido. Na ga in ta yanke farin zare da haƙori, bakin zaren yakan fito da ja. Na ga gindin haƙoranta na ƙasa ya yi wani rawaya-rawaya mai kauri, dasashin ya kumbura yana sheƙi. Na ga ta daina cizon abu mai tauri da gaba, sai ta yanka ƙanana ta tura gefe. Na ga kwalbar alewa mai yaji a kan keke, tana tsotsa ɗaya bayan ɗaya. Kuma na ji warin. Na daɗe ina jinsa, kowa ma yana ji, sai dai hanci ya saba kuma ba mai iya buɗe baki ya faɗa wa Yaya. Na kwatanta wa Likita komai. Ta ce, "Kawo min ita cikin satin nan. In sun fara motsi kaɗan ne, akwai abin da za a ceta. Kada ki bari ya ja lokaci."

Nan ne na nuna halina. Ni da ake cewa bakina ba shi da linzami, na je gidanta har sau uku na kasa. Mu biyu a ɗaki, ba kowa, in buɗe baki sai in ji kaina ina tambayar lafiyar yara. Ta yaya zan ce mata fuskar Inna da take gani a madubi cuta ce? Abin da na iya kawai, na saya mata buroshi mai laushi da man goge baki na ajiye mata a kan gado, na ce ana raba mana ne a wajen aiki. Ta juya shi ta ce wannan ai na jarirai ne, ta ba jikarta.

Sai wata Asabar na biya shago. Bencin cike, mata biyar ko shida, ana ta hira. Ina sa ƙafa Yaya ta ce, "Ku gyara, ga babbar likita ta iso. Wata biyar da riƙe tsintsiya a asibiti, yanzu buroshi take raba wa mutane. Auta, ko za ki duba mana bakin keken nan, ya kwana biyu yana cin zare?" Aka kwashe da dariya. Wasa ne irin wanda ta saba yi min tun ina ƙarama, ba komai a ciki. Amma ni na kwana uku ban yi barcin kirki ba saboda ita, ga shi ana yi min dariya. Zuciya ta ɗebe ni.

Na ce, "Ki bar keke, naki bakin ya fi buƙata. Ki tambayi matan nan me ya sa suke kau da kai in kina auna musu wuya. Bakinki wari yake, Yaya, kowa ya sani. Wannan kuma da kika rataye a bango kina taƙama da shi ba gadon kyau ba ne, ciwon da ya cinye bakin Inna ne, kuma naki ma ya kusa gamawa da shi."

Magana zarar bunu ce. Wata ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta, wata ta ce bari ta je ta dawo. Yaya tana tsaye da tef a wuya. Na ga hannunta ya tashi a hankali ya rufe bakinta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba tun da nake. Ta bayan hannun ta ce, "Na gode. Fita min daga shago."

Na fita ina huci, ina ce wa kaina ai gaskiya na faɗa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na ɗauka kwana biyu za ta huce, tunda harshe da haƙori ma sukan saɓa. Shekara biyu da wata huɗu muka yi ba ta huce ba. In mun haɗu a sabgar dangi in gaishe ta ta amsa, iyakarta ke nan. Na je gida ban haƙuri sau biyu, ta ce ba komai, ta tashi ta shiga ɗaki ta bar ni da tabarma. Na tura mijinta, ya dawo ya ce min, "Auta, kin san yayarki. Da kin zage ta ne da tuni ta manta. Kunya kika ba ta, ita kuma ba ta san yadda ake warkewa daga kunya ba."

Labarinta sai a bakin mutane nake ji. An ce ta sauke hoton. An ce yanzu da gefen mayafi a baki take aiki, in za ta auna mace sai ta juya fuska bango ta riƙe numfashi. An ce bencin ya rage cika, ba don ɗinkin ya lalace ba, don shagon ya zama kamar gidan makoki. Mai katifa ya tare ni a hanya ya ce, "Me kuka yi wa baiwar Allahn nan? Rabon da in ji dariyarta har na manta." Asibitinmu ba za ta zo ba don ina ciki. Wani asibitin ma ba za ta je ba, don zuwa yana nufin abin da na faɗa a kan Inna gaskiya ne. Ni kuma kullum ina wanke faranti ina lissafin watanni, don na san abin da kowane wata yake ci a bakinta. Ban taɓa tsanar kaina kamar a wannan lokacin ba.

Babbar 'yarta ce ta fara ɓallewa. 'Yar Fari muke ce mata, tare muka taso kamar ya da ƙanwa. Tana da ciki na biyu, wata shida, ta zo min wajen aiki da 'yarta mai shekara biyar a hannu, ta ja ni lungu ta buɗe baki. Dasashin ya kumbura ya yi jawur, ta ce da safe har a matashin kai take ganin jini, kuma ta fi wata ba ta sa buroshi a gaba ba, tana barinsa ya huta. Likita ta ce ciki yakan tayar da wannan, amma nata bai kai ƙashi ba tukuna. Ta wanke mata, ta nuna mata yadda za ta riƙa gogewa, ta duba 'yar ƙaramar ma ta ce uwar ta riƙa goge mata da kanta har sai hannunta ya ƙware, a kuma rage mata alewa. Bayan sati uku 'Yar Fari ta je gida ta buɗe wa uwarta baki ta ce, "Umma, duba. Ya daina." Ta ce min Yaya ta daɗe tana kallo.

Ranar wata Talata da safe ina goge falon jira sai ga su sun shigo a jere. Mijin Yaya a gaba, samarin 'ya'yanta biyu, autarta mai shekara goma sha huɗu, sai Yaya a ƙarshe da mayafi har hanci. Ta rame. Ba ta kalle ni ba. Ta wuce wajen nas ta ce, "A duba min su duka, ɗaya bayan ɗaya."

Aka duba su. Samarin da autar duk dasashinsu na jini, amma na wankewa ne da gyaran hannu. Mijin ne aka daɗe a kansa. Ya ce shi nasa bai taɓa jini ba. Likita ta ce sigarin da yake sha ne ke ɓoye jinin, ciwon na nan yana aikinsa a ƙasa, ga kuma ciwon suga da ke ƙara masa gudu. Ta ce in ya bar sigari ya kula da sugan, ya riƙa zuwa wanki, zai mutu da yawancin haƙoransa. Ya ce to Allah ya sa, ya fito yana shafa haɓa.

Likita ta leƙo falon tana cire safar hannu, ta ce, "Saura uwar gida."

Yaya ta ce, "Ni rakiya na yi."

Mijinta ya zauna kusa da ita ya yi ƙasa da murya. "Kin taso mu tun da sassafe kin hana ni fita da mota. Ni na buɗe nawa an ga abin kunyata. Tashi, don Allah." Ta ɗan jima, sannan ta miƙe. Na matsa zan bar wurin, sai Likita ta ce in shigo in riƙe mata fitila, nas tana ɗaya ɗakin. Ban san ko da gangan ta yi ba.

Yaya ta kwanta a kujera ta rufe ido ta sauke mayafin. Da ta buɗe baki, na haska fitilar. Haƙoranta huɗu na ƙasa an ɗaure su da zaren ɗinki. Farin zare ne mai ƙarfi, irin na sa maɓalli, an bi da shi tsakanin haƙori da haƙori, gaba da baya, an zagayo an ƙulle a jikin fiƙa, ƙulli ƙarami mai kyau irin wanda hannun Yaya kaɗai ke iya yi. Zaren ya yi baƙi ya nutse cikin naman, gefensa duk mugunya.

"Tun yaushe?" in ji Likita.

"Shekara ɗaya da wani abu," in ji Yaya. "Duk Juma'a nake sakewa. Suna motsi ne, na ce in na riƙe su wuri ɗaya za su kama."

Likita ba ta yi mata faɗa ba, ita da ke yi wa kowa. Ta sa ɗan almakashi ta yanke zaren ta zare shi a hankali. Da ta taɓa haƙoran da ƙarfe, sai suka kwanta gaba suka dawo baya. Na sama biyun ma, masu wushiryar, haka. Ta ɗauki hoto ta ɗaga a fitila, ni ma da ba likita ba na ga babu abin da ya rage, saiwoyin a tsaye suke a fili. Ta ce shida za a cire, huɗu ƙasa biyu sama. Na ciki za a yi ƙoƙari a kansu. In wurin ya warke za a yi mata na roba. Yaya ta ce to.

Aka ba ta magani na kwana biyar don kumburin ya sauka, ta dawo ran Litinin ita da mijinta. Cirewar ba ta ɗauki minti ashirin ba, don ba abin da ke riƙe da su. Ina lungu ina jin ƙararsu ɗaya bayan ɗaya a farantin ƙarfe, ina ƙirgawa ba da son raina ba. Da aka gama, nas ta miƙo min farantin kamar yadda take miƙo min na kowa. Aikina ne in juye a kwandon da ake ƙonewa in wanke.

Na kasa juyewa. Na tara su a ƙarƙashin famfo na wanke jinin. Likita ta shigo wanke hannu, na tambaye ta abin da ke cina. Ba ta iya ƙarya ba, ta faɗa min, ta goge hannu ta fita.

Can sai na ji motsi a bayana. Yaya ce a bakin lungun, da auduga cike da baki, leɓenta na sama ya faɗa ciki. A sati ɗaya ta tsufa da shekara goma. Ta nuna farantin da hannu. Na miƙa mata. Ta sa yatsa tana juya su ɗaya-ɗaya, dogaye, farare, ko ɗigon baƙi babu a jikinsu. Ta zare audugar ta riƙe a hannu. Maganar na fita da iska, da ƙyar nake ganewa.

"Ba su da komai."

"Ba su da komai, Yaya. Abin da ke riƙe da su ne ya tafi."

Ta gyaɗa kai. "Da na zo a lokacin da kika faɗa fa?"

Na so in ce duk ɗaya ne, wallahi na so. Amma ta kafe ni da ido, ita kuma ta san fuskata in zan yi ƙarya tun ina shekara tara. Na ce, "Likita ta ce da na sama biyun sun tsaya. Wataƙila da biyu a na ƙasa."

Ta daɗe tana kallon na saman. Ba ta yi kuka ba, ni ce nake yi.

"Shekara nawa kika yi a hannuna, Auta?"

"Goma sha uku."

"Kin yi ƙarya, kin yi rashin kunya, kin ƙona min rigar mutane da dutsen guga. Sau nawa na yi miki faɗa a gaban wani?"

Ko sau ɗaya babu.

"Ɗaki nake ja ki in rufe ƙofa," in ji ta. "Da kin ja ni ɗaki, da na bi ki washegari."

Ta miƙo min farantin, ta mayar da audugar bakinta, ta ja mayafi ta rufe. Ta ɗan dafa kafaɗata a wucewa, ban san ko sallama ce ko jiri ne ya ɗebe ta ba. Na ji mijinta a falo yana ce mata ta taka a hankali, akwai matakala. Ina nan tsaye da farantin a hannu har nas ta leƙo ta ce in hanzarta, ana jiran ɗakin, akwai mai shigowa.